Amsa: Amfanin Auto Hold a motar lantarki

Malam, ka tambaya ko Auto Hold, wato tsarin da ke riƙe maka birki bayan ka tsaya, na da amfani a motar lantarki. Yana da shi ƙwarai, musamman a cunkoson bakin Babbar Kasuwar Sakkwato. Da zarar ka taka birki mota ta tsaya cak, na'urar ABS (mai hana tayoyi kullewa in an taka birki) ce ke riƙe matsin man birkin, sai ka ɗage ƙafa ka huta. Kana taɓa totur ta saki. A yawancin motoci, in ka kwance bel ko ka buɗe ƙofa, birkin fakin na lantarki ne ke karɓa.

Amma kashe Auto Hold lokacin fakin a matsattsen wuri, domin sai ka taɓa totur kafin ya saki birki. Motar lantarki na bayar da ƙarfinta nan take, tana iya zabura ka daki bango. Kuma tunda ba ta ƙara, sa giya a P kafin ka fita.