Abin da ke sa dunƙulen nama da shinkafa wargajewa a miya

'Yar'uwa, kin ce dunƙulenki na warwarewa cikin miyar tumatir, shinkafar kuma ta ƙi nuna. Duka biyun suna da magani.

A rabin kilo na niƙaƙƙen naman sa, rabin kofin shinkafa ya isa. Ki wanke ta, ki jiƙa minti 30, ki tsane. Ni dai na fi son naman da ke da ɗan kitse, domin tsoka zalla bushewa take yi. Ki haɗa naman da shinkafar, ki zuba ƙwai 1, gishiri, tafarnuwa, masoro da albasa gogaggiya wadda kika matse ruwanta. Sannan ki murza da hannu sosai har ya yi danƙo, wannan danƙon ne ke riƙe shi. Ki dunƙula kamar girman lemun tsami, ki sa a firji minti 20.

Miyar ce wurin da aka fi kuskure. Kada ta yi kauri, saboda shinkafar daga ita za ta sha ruwa. Ki soya tumatir har tsaminsa ya tafi, ki ƙara ruwa yadda zai kusa rufe dunƙulen. Idan ta tafasa, ki rage wuta, ki jera su ɗaya bayan ɗaya, ki rufe. Don Allah kada ki sa ludayi a minti 15 na farko, girgiza tukunyar kawai za ki yi a hankali.

Bayan minti 45 ki fasa guda ɗaya. In cikin ba ja, shinkafar ta yi laushi, sai ki sauke ki zuba wa iyali.