Yaya, ga amsar tambayarka kan yaronmu da aikin soja a Amurka

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, da fatan iyali duk suna lafiya.

Na saurari saƙonka kan ɗanmu mai shekara 17 da ke son shiga soja. Ka yi mamakin yadda za a tsayar da yaro lafiyayye saboda maganin natsuwa da yake sha, har ka ce da ma mun rufa masa asiri tun farko, mun bar abin a matsayin ƙiriniya. Na san ƙaunarsa ce ta sa ka faɗi haka, amma ƙasar nan ba haka take tafiya ba.

Tun 1973 ba a tilasta wa kowa aikin soja a nan. Mai shekara 17 na iya shiga idan iyaye sun sa hannu, mai 18 kuwa da kansa. Ana son ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, wanda ya gama sakandare, ya kuma ci ASVAB, wato jarrabawar gwajin basira ta masu neman shiga soja. Duk wannan ba ya ba mu tsoro. Inda ake cijewa shi ne cibiyar MEPS, wurin da likitoci ke tantance lafiyar masu neman shiga soja.

Lalurar rashin natsuwa, wadda likitoci ke kira ADHD, ba ita kaɗai ke hana mutum shiga ba. A ƙa'idar da ma'aikatar tsaro ta fitar a 2018, abin da ake dubawa shi ne ko an rubuta wa yaro magani cikin watanni 24 da suka wuce, ko makaranta ta yi masa tsari na musamman, kamar ƙarin lokacin jarrabawa, bayan ya cika shekara 14. Ana kuma duba ko akwai wata lalurar ƙwaƙwalwa tare da ita, da ko takardu sun nuna abin ya taɓa karatunsa ko aikinsa. A 2022 an fara sassautawa ga waɗanda suka jima da barin magani, shi ya sa muke tambayar jami'in ɗaukar soja abin da ake ciki a lokacin. Ni dai ban ga laifinsu ba. Za a miƙa wa yaro bindiga, a tura shi inda ba lallai a samu magungunan natsuwa irin su Adderall ko Ritalin ba, dole su tabbatar zai iya riƙe kansa ba tare da ƙwaya ba.

Batun ɓoyewa kuwa, Yaya, ƙofar a rufe take. Tun 2022 cibiyoyin nan ke aiki da tsarin kwamfuta na MHS Genesis, wanda ke janyo tarihin asibiti da na magungunan da aka rubuta wa mutum. Kafin yaro ya buɗe baki, likita ya gani. Wanda ya yi ƙarya ya shiga, laifi ne a dokar soja, ana iya korarsa ko bayan ya sa kaki. Babu kuma wani babba da za a kai wa gaisuwa ya share takarda.

Abin da ya fi damuna shi ne iyayen da ke tsayar wa yaro da magani da kansu don lissafin watanni ya cika. Idan mun haɗu a masallaci ko wajen suna, wannan muke ja wa juna kunne a kai. Yaron da aka yanke wa magani ba da sanin likita ba, makinsa na iya zubewa, kuma zubewar makin ita ma hujja ce ta ƙin ɗaukarsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Maganin nan shi ya zaunar da ɗanmu a aji har ya kai inda yake, ba zan taɓa kallonsa a matsayin abin kunya ba.

Hanyar da muke bi ita ce ta neman rangwame, wato a roƙi soja su ɗauki yaro duk da bai cika sharaɗin lafiyar ba. Ana tara sakamakon makaranta, da rahoton likita, da shaidar wurin aiki idan yaro ya taɓa aiki, sai rundunar da yake nema ta yanke hukunci. Kowace runduna da nata ma'aunin, wanda sojan ruwa suka ƙi, sojan ƙasa na iya karɓa. Yana ɗaukar lokaci, kuma ba kowa ke samu ba.

Mun yanke cewa zai gama sakandare tukuna, sannan likitansa ya duba ko za a rage maganin a hankali. Idan kun yi waya, don Allah kada ka ce masa ya ɓoye komai, domin yana jin maganarka fiye da tawa. A gaida Inna da yara.