Lambobin Boma na kaka: a kankare a ga zinari?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mazaunin Gangare ne a Jos. Bayan rasuwar kakarmu muka buɗe wata tsohuwar adaka muka tarar da lambobin soja guda biyar na kakanmu da ya je yaƙin Boma. Biyu masu siffar tauraro, uku zagayayyu, ɗaya da rubutu a bakinta. Wani mutum ya ce akwai zinari ko jan makuri a ciki, wai in bari ya kankare gefe ya ɗiga asid, in ya tabbata zai haɗa ni da bature amma sai na biya kuɗin rajista. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Ɗan'uwa, gara da hankalin naka bai kwanta ba, kar ka sake ka ba shi ko guda ɗaya ya riƙe.

Taurarin nan kusan tabbas 1939-45 Star ne da Burma Star, na halartar yaƙi ne ba na jarumta ba, duk wanda ya yi aiki a fagen Boma tsakanin Disambar 1941 da Satumbar 1945 yana da haƙƙin samun na biyun. Mutanenmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi a yankunan Kaladan da Arakan na Boma sun dawo da su jingim, kuma Ingila ba ta buga suna a jikinsu ba, shi ya sa kuɗinsu a kasuwar masu tara tsofaffin lambobi ba wani abin a zo a gani ba ne.

Mai rubutu a baki ita ce abin dubawa. Juya bayanta, in ka ga "For Bravery in the Field" to Military Medal ce, azurfa, ta jarumta a bakin daga, irin wadda Samanja Chari Maigumeri ya samu, wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa.

To ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Kullum sai an kawo min lamba an gurje mata baki kamar ƙasan tsohuwar tukunya, kuma labarin ɗaya ne, wani gwani ya zo gwajin zinari. Wane zinari? Taurarin tagulla ce da aka gauraya da wani ƙarfe, shi ya sa suke ɗaukar ido in an goge. Shi kuwa jan makuri babu shi kwata-kwata, ƙaryar da aka yi ta yi kan tsohon keken ɗinki da dutsen guga na gawayi da kwabo mai huji ita ce dai aka sake wa riga, yau wai yana jan shinkafa gobe wai yana ɗauke sabis ɗin waya, kuma har yau ba ka ga wanda ya gina gida da kuɗinsa ba sai masu karɓar kuɗin rajista. Abin takaicin, daidai wurin da suke kankarewa nan ne aka buga nambar aikin sojan da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa. Mai tarawa sunan nan yake saye, don da shi ne zai bi diddigi ya gano ranar da kofur wane ya yi abin da ya yi. An share sunan, ta koma ɗan guntun azurfa da maƙeri zai auna a sikeli. Su ma masu gogewa da Brasso ko toka da lemun tsami ɓarna suke yi a hankali, baƙin da azurfa ta yi ba datti ba ne, a ƙyale shi. Ƙyallen da aka rataye ta da shi ma ko ya koɗe kar a canza.

Abin da za ka yi, ɗauki hoton rubutun bakin nan da rana, kwafe shi harafi da harafi, don turawa sukan rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji, wani ma da sunan garinsu aka ɗauke shi soja. Ka nemi sunan a London Gazette, jaridar sanarwar gwamnatin Ingila, ta intanet, kyauta ne. Takardun da hafsoshi suka rubuta na neman a ba soja lamba suna ma'adanar tarihi ta Ingila da ke Kew, ƙarƙashin rukunin takardu mai suna WO 373, a nan ake samun bayanin abin da ya faru a fagen.

Sannan ku sake zazzage adakar nan ko akwai littafin sallama ko hoto. Kuma in an zo rabon gado kar a raba su ɗaya-ɗaya, a yi musu kuɗi a bar su wuri guda a hannun mutum ɗaya, a naɗe a busasshen ƙyalle mai laushi.