Hukuncin 'yan sa-kai da suka naɗa amir don kai hari rugar da ake zargi

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a jihar Zamfara. Makonni uku da suka wuce 'yan bindiga suka shigo mana da tsakar dare a kan babura, suka kashe mutum biyar har da yayana da muke ciki ɗaya, suka kora shanun huɗa, suka tafi da mata biyu. Mun nemi ɗauki, bai iso ba sai da hantsi. Yanzu samarin garinmu sun yi wa ɗayanmu mubaya'a a matsayin amir, kuma wani ɗalibin ilimi ya ce mana tunda gwamnati ba da shari'ar Allah take mulki ba, babu shugaban da za mu nemi izininsa, jihadi ya hau kanmu. Mun shirya bayan girbi za mu auka wa wata ruga da ke bayan dutse wadda ake zargin a nan ɓarayin suke sauka, an kuma ce dabbobin da muka samo ganima ce. Shin wannan jihadi ne, kuma yayana shahidi ne?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya jiƙan yayanka da sauran waɗanda aka kashe, ya kuɓutar da matan nan biyu, ya ba mahaifanku haƙuri. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na kuma ji zafin da ke cikinta, saboda haka ba zan yi maka magana irin ta wanda ke zaune a inuwa yana koya wa na rana haƙuri ba. Yayanka da aka kashe bisa zalunci a cikin gidansa muna yi masa fatan shahada, bisa hadisin da kowa ya sani game da wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ko iyalinsa. Shahada ce ta lahira, wadda a mazhabarmu ta Malikiyya ba ta hana a yi wa mamaci wanka da salla.

Tunkuɗe wanda ya shigo maka gari da makami halas ne babu saɓani, ba ya kuma buƙatar izinin kowa. Malamanmu sun so a fara haɗa ɗan fashi da Allah idan da hali, amma wanda ya shigo yana harbi bai bar wannan halin ba.

Sai dai abin da ka tambaya ba shi ke nan ba, kuma kalmomi biyu a wasiƙarka su suka juya hukuncin: ka ce “bayan girbi”, ka kuma ce “ake zargin”. Harin da aka tsara za a kai bayan makonni ya fita daga babin tunkuɗe mahari ya shiga babin yaƙi da zartar da hukunci, kuma mutanen da zargi kawai ya hau kansu jininsu yana nan da alfarmarsa. Wannan fitar haramun ce, ba jihadi ba ce, kuma wanda ya kashe wani a cikinta jinin yana wuyansa.

Akwai abin da ya faru a Madina wanda ya yi kama da naku ƙwarai. Jim kaɗan kafin yaƙin Khaibar, mahara daga ƙabilar Gaɗafan suka kora raƙuman tatsa na Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Salamatu ɗan Akwa'u ya ji labari tun kafin asuba, ya yi kururuwa sau uku har mutanen gari suka ji, ya bi sawunsu da gudu shi kaɗai yana harbinsu da kibau, har ya ƙwato raƙuman kafin maharan su samu shan ruwa. Bai tsaya neman izini ba, ba a kuma zarge shi ba, domin dukiyar tana hannun ɓarayi kuma sawu bai huce ba. Amma da Annabi ya iso tare da jama'a, sai Salamatu ya ce mutanen nan ƙishi ya gama galabaitar da su, a tura runduna a bi su yanzu. Sai Annabi ya amsa masa da cewa: ya ɗan Akwa'u, ka samu iko, to ka sassauta. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Ka lura da cewa mutumin da ya yi aikin farko da ra'ayin kansa, da aka zo maganar bin maharan har gidajensu sai ya mayar da al'amarin ga shugaba, kuma da aka hana shi ya hanu, alhali waɗanda yake son a bi ya gan su da idonsa.

Dalilin wannan rarrabewa yana cikin tsarin mulkin Musulunci kansa. Izinin yaƙi bai sauka ba a shekaru 13 na Makka duk da azabar da aka sha, sai da aka samu gari da shugaba da alƙalanci a Madina. Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya, ya yi bayanin cewa ayyukan Annabi wasu ya yi su ne a matsayin mai isar da saƙo, wasu a matsayin alƙali, wasu a matsayin shugaban ƙasa, kuma tura runduna da raba ganima suna cikin kashi na uku, wanda ba ya halatta wani ya taɓa shi sai da izinin mai mulki. Ayar fashi da makami, aya ta 33 a Suratul Ma'ida, ita ma masu mulki take yi wa magana, domin kafin a zartar da ita sai an kama mai laifi, an kawo shaidu, an tabbatar shi ne.

Yanzu ga maganar wannan ɗalibi, wadda zan tsaya a kanta domin ita ce ta halaka samari masu yawa a ƙasar nan. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da abubuwa uku, kuma ba zan ɓoye maka su ba.

Na farko ƙissar Abu Basir, wanda bayan sulhun Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan hijira ya gudo daga Makka, Annabi ya miƙa shi ga waɗanda suka biyo shi saboda cika alkawari, ya kashe ɗayansu a hanya, sannan ya tare a bakin teku inda Abu Jandal da wasu suka same shi suna tare ayarin Ƙuraishawa. Suna cewa ga wanda ya yi yaƙi babu izini. To amma Abu Basir ya bar Madina ne da ya gane za a sake mayar da shi, watau yana wajen ƙasar da hukuncin shugaba yake gudana, kuma Annabi bai taimaka masa da mutum ko makami ba. Waɗanda yake tarewa kuwa Ƙuraishawan da suka ɗaure shi saboda addininsa ne, sanannu, kafirai masu yaƙi, babu zargi a lamarinsu. Sannan ƙissar ta ƙare ne da Annabi ya aika musu su taho, suka kuma bi umarni. Wace rugar masu salla ce za a auna da wannan?

Na biyu maganar Ibnu Ƙudama, malamin mazhabar Hanbaliyya, cewa idan babu shugaba ba a jinkirta jihadi. Gaskiya ne ya faɗi haka, amma a wannan babin dai shi ne ya ce al'amarin jihadi an danƙa shi ga shugaba da ijtihadinsa, kuma yana magana ne kan yaƙi da kafiran da ke yaƙar Musulmi a lokacin da babu mai mulki sam. Shugaba mai rauni ko mai sakaci ba a kiransa babu. Almajirin da ya karanta littafin fiƙihu na Risala ya wuce inda aka ce ana yaƙar abokin gaba tare da kowane shugaba, nagari ko fajiri. Kafirta mai mulki saboda kundin tsarin ƙasa kuwa magana ce mai sharuɗɗa da abubuwan da ke hana ta, ba ta samarin gari ba ce a dandali, balle a jiharku inda kotunan shari'a suke zama tun shekarar 2000.

Na uku shi ne ƙa'idar Malikiyya cewa jama'ar Musulmi tana tsayawa a madadin alƙali idan babu shi. Shehu Halil, mai littafin fiƙihu na Muhtasar, ya ambace ta ne a mas'alar matar da mijinta ya ɓace, kuma abin nufi da jama'a adalai ne masu hankali da sanin hukunci. Ko da mun sallama wa ɗalibin, don a ci gaba da magana, cewa babu shugaba, al'amarin zai koma ne hannun malamai da dattawa da hakimi, kuma su ma ba su da ikon halatta jinin wanda ba a tabbatar da laifinsa ba. Idan ya kawo maka Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ka tuna masa cewa mubaya'ar Gudu a 1804 ta zo ne bayan kusan shekaru 30 na karantarwa, malamai da shugabannin jama'a suka ƙulla ta, kuma duk da haka ƙanensa Abdullahi ya taɓa barin rundunar ya nufi Kano saboda abin da ya gani na kwaɗayin duniya a cikin mayaƙa. A wannan yankin na Gudu da Tangaza a jihar Sakkwato kuma, a zamaninmu, mutane sun karɓi ƙungiyar masu makamai ta Lakurawa don su kare su daga ɓarayin daji, daga baya suka wayi gari ana karɓar musu dabbobi da sunan zakka ana yi musu bulala. An sayar da kare an sayi biri.

Ban faɗi wannan don in wanke hukuma ba. Shugaban da aka kira da tsakar dare bai turo ɗauki ba sai da hantsi zai amsa tambaya a gaban Allah, kuma wajibi ne a kanmu malamai mu faɗa masa haka a fili. Sakacinsa bai mayar da ikonsa hannun amir ɗinku ba.

Maganar ganima gajeruwa ce: dukiyar Musulmi ba ta zama ganima. Saniyar da aka ƙwato ta mai ita ce, wadda aka koro daga garken wani kuwa sata ce.

Ɗana, akwai abin da ba ka tambaya ba amma zan faɗa maka. Wani magidanci ya taɓa zuwa wurina bayan sallar isha'i, ya zauna a bakin tabarma ya kasa ɗaga kai. Shi da wasu sun tare wani Bafulatani a hanyar kasuwa saboda an ce infoma ne, suka kashe shi, da suka kwance ƙullin da ke bayan kekensa sai suka tarar da gishiri da maganin zazzaɓi na yara. Daga baya ta tabbata sunansa ne kawai ya zo ɗaya da wanda ake nema. Ya ce mini shekara biyu ke nan idan ya rufe ido ƙullin nan yake gani. A rugar da kuke nufi akwai tsofaffi da mata masu kawo muku nono, kuma ƙila su ma ɓarayin sun kore musu shanu ko sun tilasta musu ba su masauki da bakin bindiga. Allah ya ce wa magajin wanda aka kashe, a aya ta 33 ta Suratul Isra'i, kada ya wuce iyaka wajen kisa, kuma kai ne wannan magajin.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka warware wannan mubaya'a, babu kaffara a kanka domin tun asali ba ta ƙullu ba. Ku tafi wurin dagaci da limamin gari a tsara sintirin dare da sanin hakimi da jami'an tsaro, wanda kuma yake da ƙarfin aikin ya nemi shiga rundunar tsaron al'umma ta Askarawa da jihar ta ƙaddamar a watan Janairun 2024, ko da yake su ma ba duk umarnin da aka ba su ne za a bi ba idan ya kai ga taɓa marar laifi. Duk abin da kuka sani game da rugar ku rubuta shi, wa ya gani, yaushe, ku miƙa, ku kuma riƙa bibiya. Ku nisanci ƙwaya da wasu ke sha don cire tsoro, da layun da ake sayar wa 'yan sintiri. Kada ka wulaƙanta ɗalibin nan, ka kai masa wannan amsa ya karanta, idan yana da raddi ya rubuto. Sannan ka tuna matan nan biyu har yanzu suna hannun mutanen, kuma harin da kuke shiryawa su zai fara jefawa cikin haɗari, saboda haka ku zauna da danginsu tun kafin a fara yankan gero. Wallahu a'alam.