Hanyar Imlil ba a auna ta da kilomita

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa na rubuta kwana uku a jadawalin mutanen da za ka raka Maroko, alhali taswira ta nuna maka daga garin Imlil zuwa masaukin da ke gindin Tubkal, dutse mafi tsayi a ƙasar wanda za su hau, bai wuce kilomita 11 ba. Ka ce matasa ne 'yan ƙwallo, in aka sa su gaba awa uku sun isa, gara a rage musu kuɗin kwana ɗaya. To, ajiye taswirar ka saurara.

A dutse, kafin ka tambayi nisan hanya, tambayi tsayin da za ta ɗaga ka. Imlil tana kan mita 1,740 daga bakin teku, masaukin kuwa yana kan mita 3,207. Ka ga hawan kusan mita 1,500 ke nan a yini guda. Mutanenka sun taso daga Kano, garin da bai kai mita 500 ba. Inda mota za ta sauke su bayan sun baro Marakesh, sun riga sun kusa tsayin ƙololuwar duwatsun Shere na Jos. Kafin azahar za su kusa tsayin Chappal Waddi, mita 2,419, wanda babu inda ya fi shi a Najeriya, kuma a lokacin ba su yi ko rabin hawan ba. Shi ya sa ranar farko ba ta tafiya masauki ba ce. Ku hau mashigar Mzik da ke saman gari, kusan mita 2,500, ku sauko ku kwana a Imlil, jiki ya fara sabawa. Rana ta biyu ku hau kwarin da ke kaiwa masaukin, awa biyar zuwa shida. Rana ta uku ƙololuwa da saukowa.

Farkon hanyar yaudara ce. Za ku bi ta cikin lambuna da inuwa har ƙauyen Armed, sannan ku faɗa wani faffaɗan fili na duwatsun rafi, shimfiɗaɗɗe, mai daɗin tafiya. A nan matasa ke sakin ƙafa, kai kuma a nan za ka riƙe su. Wanda ya ƙone ƙarfinsa a filin nan, zai neme shi bayan la'asar ya rasa. Ka kuma lura da duwatsun da ke warwatse a wurin, waɗansu sun fi ɗaki girma. Ruwa ne ya kawo su. A watan Agusta na 1995 hadari ya zubar da ruwa a saman duwatsun, ambaliya ta sauko ta yi ɓarna a Imlil, ta kashe mutane da yawa a kwarin Urika da ke maƙwabtaka. Saboda haka da bazararsu, in ka ga hadari ya haɗu a sama bayan azahar, kada ka tsayar da mutane cin abinci a cikin rafi, ko da rana na haskaka inda kuke.

Daga filin hanya ta kama gefen dutse tana lanƙwasa har Sidi Shamharush, wajen mita 2,300, inda za ka ga wani ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti. Sunan ba baƙo ba ne a kunnen wanda ya saba jin zancen sarakunan aljanu. Mutanen ƙasar na zuwa ziyara, kuma cikin ayarinka ba za ka rasa mai son ɗaga murya a kan haka ba. Ka ce masa ya bari sai an koma gida. Hawa kuka zo yi, kuma masu alfadaran da ke ɗauke da kayanku 'yan nan ne. Ku sha shayi, ku cika gorunan ruwa, ku wuce.

Bayan nan ne ainihin aikin. Inuwa ta ƙare, ƙasa ta zama dutse da tsakuwa, hanya ta matse. In alfadari ya taho da kaya, ka matsar da mutanenka ɓangaren jikin dutse, kada su tsaya ta bakin rami, domin kayan da ke bayansa sun fi shi faɗi kuma bai san da haka ba. Tun girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 na ƙara yi wa yarana gargaɗi game da zama a ƙarƙashin gangare mai sakakkun duwatsu, komai daɗin inuwarsa.

Kwarin da masaukin yake kamar ƙwarya yake, duwatsu masu kai mita 4,000 sun kewaye shi, kuma wannan siffar ce ke juya komai. Rana ba ta leƙowa da wuri, tana kuma ɓuya da wuri. Da ta faɗa bayan dutse, sanyi ya sauko ya kwanta a ƙasan kwarin. A ƙa'ida kowace mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6, ban da iska. Mutumin da ya baro Imlil da 'yar shara yana gumi, sai ka gan shi yana karkarwa da jiƙaƙƙiyar riga. Don haka rigar sanyi da safar hannu su zauna a jakar bayan kowa. Kada a ɗora su kan alfadarin da ya riga ku yin gaba da awa guda.

Watan da aka zo shi ma yana canza hanyar gaba ɗaya. Daga Yuni zuwa Satumba ƙasa a bushe take, matsalarka rana ce da ƙishirwa da tsakuwa mai zamewa. Daga wajen Nuwamba har Afrilu, wani lokaci har cikin Mayu, dusar ƙanƙara ce. Alfadarai na tsayawa inda ta fara, sau da yawa a Sidi Shamharush, daga nan sai 'yan dako, kuma kuɗinsu daban ne, ka sa shi a lissafi tun a gida. Ita dusar ma ba hali ɗaya gare ta ba. Da asuba ta daskare ta yi tauri, wanda ya taka ta da takalmin ƙwallo zai zame har inda Allah ya tsayar da shi. Sai da ƙarfe mai haƙora da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, da gatarin ƙanƙara a hannu, kuma a koya wa mutum amfani da su a wuri mai sauƙi tun da rana. Ana samun hayarsu a Imlil. Ka gwada kowane ƙarfe a kan takalmin mai shi a shagon, ba a bakin masauki cikin duhu ba. In rana ta ɗaga kuma, dusar ta yi laushi, ƙafa na nutsewa har gwiwa, tafiyar awa ɗaya ta koma biyu. In an zuba sabuwa mai yawa cikin dare, a jira, domin gangaren na iya zaftarowa.

Yanzu batun da ya fi damuna da 'yan ƙwallonka. A masaukin, iskar da mutum ke shaƙa ba ta wuce kashi biyu cikin uku na wadda ya saba a bakin teku ba, kuma ciwon tsauni, wanda ƙarancin iskar ke jawowa, bai san mai ƙarfi ba. Na fi jin tsoron saurayi mai ji da kansa a kan dattijo mai tafiya a hankali, domin saurayin zai yi sauri, kuma zai ɓoye abin da yake ji don kada abokai su yi masa dariya. Kada ka tambaye shi ko lafiya, zai ce lafiya lau. Ka duba kwanonsa ko ya ci. Ciwon kai kaɗan da rashin barci kusan kowa na yi, a sha ruwa a huta. Amma in ga amai, ko numfashi na sarƙewa alhali yana zaune, ko tari mai kumfa, ko ka sa shi ya bi miƙaƙƙen layi yana tangaɗi, to a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne. Ba a jiran gari ya waye. Akwai kuma abin da jagoran Maroko ba lalle ya tuna ba, kai ne za ka tuna: sikila. Tana da yawa a cikinmu. Mai ciwon ba na kai shi can. Wanda yake AS ma ya ga likita tukuna, domin ƙarancin iska na iya taɓa masa saifa, kuma in ya yi kukan ciwo a gefen hagu na ciki ƙarƙashin haƙarƙari, kada ka ce ƙullewar ciki ce.

Ka ce ai akwai hasashen yanayi a waya. Duba shi, yana da amfani wajen iska da hadari. Amma waya ba za ta gaya maka daidai inda dusa ta fara a yau ba. Mai alfadarin da ya sauko da safe ya sani, mai kula da masauki ma ya sani. Tun bayan kisan da aka yi wa waɗansu 'yan mata biyu masu yawon buɗe ido a Disambar 2018, hukuma ta wajabta tafiya da jagoran ƙasar mai lasisi, kuma jandarmomi na duba fasfo a hanya. Kada ka ɗauke shi ɗan rakiyar dole. Shi ne mai hanya, kai mai mutane ne. In ya ce a juya, kai za ka faɗa wa ayari da bakinka, da Hausa, ka ɗauki fushinsu, kada ka bar su suna ciniki da shi.

Ranar ƙololuwa hawan mita 960 ne zuwa 4,167, sannan a sauko har Imlil, wato gangaren sama da mita 2,400 a kan gwiwar da ta gaji. Yawancin targaɗe a nan ake yin sa, lokacin da kowa ya ɗauka an gama. Ku tashi kafin asuba da tocilar goshi, ku sa lokacin juyawa tun da dare, wanda bai kai ba a lokacin ya juyo. Kowa ya yanke farcen ƙafa, ya ƙara ɗaure takalmi kafin gangare, ya riƙe sanda. In akwai masu nauyin jiki ko waɗanda suka haura hamsin a cikinsu, ka gaya wa mai biyan kuɗin za a ƙara kwana na huɗu a masauki. Gobe ka kawo mini sunayensu da shekarun kowa, da hoton takalmin da kowannensu zai sa.