Ki ajiye tsuntsun nan tukuna, ki fara masa da jirgi da kwaɗo

Assalamu alaikum jama'ar guruf. Ƙanwata, ke da kika yi tambaya ɗazu, na ga kin ce yaronki ɗan shekara 4 kun zauna kuna bin bidiyo a YouTube za ku ninka tsuntsun nan na takarda mai dogon wuya, ya kasa, ya yi kuka ya yaga takardar, kina neman a turo miki wani bidiyon da ya fi sauƙi. To ni dai ba bidiyo zan turo miki ba, don na san abin da ke cin ranki, tsoro kike ko yaron ne bai da saurin ɗauka. Lafiyarsa lau wallahi. Abin da kuka zaɓa ne ya fi ƙarfinsa. Tsuntsun nan ko babba sai ya yi ta mayar da bidiyon baya a wajen da ake buɗe takardar a ja ta sama, balle yaron da yatsunsa ba su gama ƙwari ba. Kuma ko kun gama shi, me zai yi da shi? Ajiyewa za a yi a kan tebur ana kallo. Yaro ba kallo yake so ba, so yake abin ya yi tsalle, ya tashi, ya yi iyo, ko ya yi ƙara.

Ki fara da jirgin ruwa. Takardar A4 ta firinta ta isa, wadda aka gama amfani da ita ma, kuma kar ki yanke ta ta zama mai gefe huɗu daidai, jirgi doguwar takarda yake so. Ki ninka ta biyu kamar littafi, bakin da ke rufe ya kalli sama, ki kawo kusurwoyin saman nan biyu su haɗu a tsakiya kamar rufin ɗaki, sai leɓatun ƙasa ki ɗaga ɗaya gaba ɗaya baya. To ki tsaya nan. Kin ga ai hula ta fito, tun ba a je ko'ina ba yaro ya samu abin wasa, in da jarida kika yi ma kansa za ta shiga. Ki bar shi ya sa ya zaga gidan, in ranar iya nan aka tsaya ba komai. Wata rana sai a ci gaba, a zura yatsa cikin hular a buɗe a kwantar da ita, a ɗaga kusurwar ƙasa gaba da baya, a sake buɗewa a kwantar, sannan wajen ƙarshen nan da ake jan gefe biyu jirgi ya baje, wannan kam shi za ki ba ya ja da hannunsa. Ki kalli fuskarsa a lokacin, ni har yau ban gaji da ganin wannan ba.

In za ku sa a ruwa ki goga kyandir ko kalar yara mai maiƙo a gindin jirgin, zai ɗan daɗe kafin ya jiƙe. Amma fa kina wajen, ba a barin ƙaramin yaro da bahon ruwa shi kaɗai ko da ruwan kaɗan ne.

Sai abin da na fi so in ja miki kunne a kai, kar ki karɓe takardar daga hannunsa ki ce kawo in gyara maka. Ki ɗauki taki ya ɗauki tasa, ki yi ninki ɗaya ki jira shi. Kuma ki zauna gefensa ba gabansa ba, in kina fuskantarsa damarki hagunsa ce, sai ya rikice ke kuma ki ɗauka ba ya ji. Wannan maganar ta karɓe takarda ina yin ta da zafi ne don ni aka yi wa. Muna firamare a darasin aikin hannu, malamin ya ce kowa ya yi jirgi, na zauna na yi nawa da zuciya ɗaya, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, ɗan kaɗan fa, bai kai faɗin farce ba. Ya zo ya ɗaga shi sama ya nuna wa aji ya ce wannan jirgin nutsewa zai yi da mutane, ya dunƙule shi a hannu ya jefa kwandon shara, ya ninka wani ya ajiye min a gabana wai ga yadda ake yi. Ni me zan yi da nasa? Har aka tashi ban taɓa shi ba. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, jirgin nan da an sa shi a ruwa da ya yi iyo, daga baya na yi karkatattu sun fi a ƙirga duk suna tafiya, ruwa bai damu da gefe ya zo daidai ba. Bai ma gwada ba, ko a kwano bai sa ba. Na yi shekaru ban ƙara ninka takarda ba sai da na fara zama da ƙananan yara. To shi ya sa in na ga uwa ta fizge... kai, bari in bar wannan, in koma kan kwaɗo kar muryar ta yi tsawo.

Kwaɗo mai tsalle shi ne sarkinsu a wajen yara. Shi kuma takarda mai ɗan kauri yake so, irin katin nan ko bangon tsohon littafin rubutu, doguwa ita ma. Ta firinta tana yi amma tsallen ba ƙarfi, kwali mai kauri sosai kuma tsagewa yake a wajen ninki. A sama za ki ninka kusurwar dama ta je gefen hagu ki buɗe, ta hagu ma haka, sai alamar X ta fito, ki juya ki ninka ta tsakiyar X ɗin a kwance, sai ki tura gefe biyun ciki saman ya kwanta ya zama alwatika. Wannan wajen ke za ki yi masa... a'a, na ce kar a karɓe ko? To ba karɓewa za ki yi ba, tun kafin ku zauna ki ninka layukan ki buɗe, sai ki ba shi takarda mai sawu, da ya ɗan tura za ta bi hanyarta. Sai ya ɗaga kunnuwan alwatikar su zama ƙafafun gaba, gefe da gefe su haɗu a tsakiya, ƙasan a ninka shi sama, a sake ninka rabinsa ya dawo ƙasa. Wannan ninkin na ƙarshe shi ne sifirin ɗin, duk ƙarfin tsallen a nan yake, kuma shi kaɗai ne ba a murzawa da farce sosai, in kika kashe shi ya mutu. Ya danna bayan ya zame yatsa, ba ɗagawa ba, zamewa. Ki ajiye murfi ko kwano ku yi gasar wanda nasa zai faɗa ciki.

Jirgin sama kuma ki lanƙwasa hancin ciki kar ya zama mai tsini saboda ido. Kar ki raina shi fa, a 2010 wani ɗan Japan, Takuo Toda, ya jefa na takarda ya yi daƙiƙa 29.2 a iska bai sauka ba.

Kuma ba ɓata lokaci ba ne, don na ga wata ta rubuta a ƙasa wai gara a koya masa ABC. Yaya, ki yi haƙuri, ban yarda ba. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya fara makarantar ƙananan yara wadda ya sa wa suna kindagatin a 1840, ninke takarda na cikin ayyukan da ake ba yara a tsarinsa. Yatsun da suke murza ninki su ne gobe za su riƙe fensir, kuma rabi da kwata da tsakiya a hannu yake ganinsu kafin a rubuta masa a allo. Ita kalmar origami, wato sunan da ake kiran wannan ninke takardar, ta Japan ce, ori ninki, kami takarda, iyakarta kenan.

Minti 10 ya ishe shi a zama ɗaya, da kin ga ya fara murƙususu ku tashi. Ki tanadi takardu da yawa a gefe don in ɗaya ta yage ya ga akwai wata, ba a yi asarar komai ba. In kun yi kwaɗon ya ƙi tsalle, ki ɗauko shi ta baya ki turo min hoton, yawanci ninkin ƙarshen ne ya yi faɗi da yawa ko an danne shi, zan nuna miki wajen.