Na danna Sync, amma gangunan suna karo

Wani matashi daga Kaduna da ya fara aikin DJ a wuraren biki ya rubuto: "Malam, VirtualDJ nake amfani da ita a laftof. In na danna Sync waƙoƙi biyu suna tafiya tare, can sai gangunan su soma karo kamar sukuwar doki. Kwamfutar ce ta gaza?"

Da wuya laifin kwamfutar ne. Duk waƙar da ka ɗora, manhajar tana ƙirga bugu nawa ke cikin minti guda, wato BPM, sannan ta ja layi a kan kowane bugu. Sync, wato maɓallin da ke daidaita tafiyar waƙoƙi biyu, ba ya jin kiɗa, layukan nan kawai yake jerawa. In layin farko ya faɗi gefen bugun, sauran duk sun karkace. Ka faɗaɗa zanen sautin, ka nemo bugun babbar ganga na farko, ka ɗora layin a kansa daidai. Sai ka tsallaka ƙarshen waƙar ka duba. In layukan sun zame a can, ƙirgan BPM ɗin ne bai yi ba, ka gyara shi kaɗan-kaɗan har su zauna. Wani lokaci ma manhajar rabi take ƙirgawa, ta rubuta 62 a waƙa mai 124.

Kiɗan rawan da ake kira house, wanda BPM ɗinsa ke tsakanin 120 da 128, na'ura ce ke buga shi, shi ya sa ba ya ba da wahala. Wanda aka ɗauka da kalangu a hannun makaɗi fa, yanzu ya yi sauri, anjima ya ja baya, ba layin da zai bi shi har ƙarshe. A nan kunnenka ne zai yi aiki: abin sauraro a kunne ɗaya, yatsa a gefen faifan na'urar DJ da ake haɗawa da laftof, kana ɗan turawa ko riƙewa. Duk wanda bai iya wannan ba, ranar da Sync ya ƙi, a gaban jama'a zai sani.

Kada ka ja saurin waƙa fiye da kashi 6 cikin ɗari, kuma ka kunna key lock don kada murya ta koma ta ƙaramin yaro. Amapiano mai 112 da house mai 124 sun yi nisa da juna, ko ka sa wata waƙar a tsakani, ko ka yanke kai tsaye. Wajen shigo da sabuwa kuma ka ƙirga: yawancin kiɗan rawa bayan bugu 32 yake juyawa, to a bugun farko na sabon zagaye za ka sake ta. Ka rufe bes ɗinta, wato sautinta mai kauri, tukuna, sai lokacin da za ka rufe na tsohuwar ka buɗe shi. Bes biyu a tare sifika kawai suke girgizawa.

Wata baiwar Allah daga Zinder ta tambaya: "Zan iya cire muryar mawaƙi da waya in ɗora ta a kan wani kiɗan?"

Za ki iya, 'yar'uwa. Manhajar Moises tana raba waƙa ta ba ki murya daban, ganguna daban, bes daban, djay ma tana yi. Amma tsabtar abin da zai fito tana ga fayil ɗin da kika ba ta. MP3 mai 128 kbps da aka sauko daga bidiyo, muryar za ta fito kamar ana waƙa a cikin ruwa. Nemi mai 320 ko WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba. Bayan sauri, ki duba sautin da aka gina waƙar a kai. Manhajojin DJ da yawa suna nuna shi da lamba da harafi: 8A yana tafiya da 7A da 9A da 8B, in kika yi nisa da haka murya da kiɗa za su yi ta faɗa. Kada ki yi aikin da abin sauraro na Bluetooth, sautinsa yana makara, za ki ɗora muryar a bayan bugu ba ki sani ba. In kuma YouTube za ki sa, sai da izinin mai waƙar, in ba haka ba tsarin Content ID, mai gano waƙoƙin mutane a YouTube, na iya toshe ta ko ya ba mai ita kuɗin talla.

Tambaya ta ƙarshe daga Kumasi: "Da na sa cajar laftof sai sifika ta kama ƙugi, in na cire ta daina."

Bambancin wayar ƙasa ne, wato wayar earth ta lantarki, tsakanin caja da amfilifaya. Ka haɗa laftof da mikisa da amfilifaya a soket guda. In bai daina ba, sayi ɗan akwatin da ake kira ground loop isolator ka sa a kan wayar sauti ta RCA tsakanin laftof da mikisa. Kada ka karya ƙafar fulogi ta uku kamar yadda wasu ke yi. Ƙugin zai tafi, amma ita ce ke kare ka daga jan wuta in ka riƙe makirufo.